Hannun Hagun Mai Kalangu

Matan layinmu sun sha ce min in zauna in faɗi yadda jinyar maigidana ta kasance, ko wata za ta tsira daga abin da muka faɗa ciki. Na daɗe ina ja da baya, domin jinyar ba ta ƙare ba, har yanzu muna tsakiyarta. Amma ga abin da na iya riƙewa.

Sunana Rabi. A nan Agege, cikin Legas, aka haife ni, a nan na yi aure, waina nake sayarwa da safe a bakin layin dogo. Mijina Isiyaku, wanda nake kira Baban Safiya, makaɗin kalangu ne. Daga ƙasar Katsina ya zo yana saurayi, ya bi mahautan garinsu zuwa abbatuwa, wato babbar mayanka, ya zama shi ke yi musu kiɗa. Kowane babban mahauci yana da takensa, kuma duk suna kansa. In ya rataya kalangu a kafaɗar hagu, ya matse shi a hammata, ya ɗauki makaɗi da hannun dama, mahauci yana can ƙarshen rumfa da wuƙa a hannu zai ji an kira sunansa da na kakansa ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Da wannan yake biyan hayar ɗaki, da shi ya sa yaranmu a makaranta. Amma ba don abinci kaɗai yake yi ba. Mutum ne da ko tuwo yake jira sai ka ga yatsunsa suna taɓa bakin kwano.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Ya daɗe yana fama da ciwon kafaɗa, abin da duk makaɗi ya sani, kuma maganinsa ƙwayoyin kemis ne, irin waɗanda ake haɗa maka kala-kala a 'yar leda. In bai ji daidai ba ya ƙara da agbo, jiƙon nan da matan Yarbawa ke yawo da shi a roba. Shekaru yana haka. Sai takalminsa ya fara matse shi. Sai na lura in ya tashi da safe fuskarsa ta cika, zuwa azahar ta sace. Muka ɗauka ƙiba ce, har ina yi masa tsiya. Daga baya ya ce komai ya ci ɗanɗanon ƙarfe yake ji, ya tambaye ni ko na canja tukunya. Ga ƙaiƙayi, ga shaƙuwar da ba ta tsayawa. Fitsarinsa kuwa kumfa yake yi kamar ruwan wanki, amma wannan bai gaya min ba sai a gaban likita.

Ranar da ya yi amai a gaban jama'a wurin wani suna, abokan kiɗansa suka kawo shi gida a keke mai ƙafa uku, na ce sai asibiti. A ƙaramin asibitin unguwa nas ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta fita ta kira likita. Shi ya tura mu babban asibitin gwamnati.

Makon farko duk a layi ya ƙare. Layin kati, layin biya, layin ɗibar jini, sannan a ce ka dawo gobe karɓar sakamako. Mu fito bayan sallar asuba mu kama motar hayar da ake kira danfo, mu dawo la'asar, shi a jingine a kafaɗata, kwandasta yana ta ihu a kanmu. Yarbancin da na tashi da shi ya yi min rana, don da shi nake roƙon masu gadi su samo masa wurin zama. Wainata kuwa na rufe ta.

Likitan da ya duba sakamakon da Turanci ya yi magana, Baban Safiya kuma Turancinsa na kasuwa ne. Don haka ni aka gaya wa, ni kuma ya zama dole in gaya masa. Likita ya ce ƙodojin biyu sun gaji, hawan jini ya daɗe yana cin su, ƙwayoyi da jiƙo sun ƙarasa. Ya ce ba za su dawo ba, sai dai a riƙa wanke masa jini da inji, ko a yi dashe in akwai hali.

"Me ya ce?" in ji Baban Safiya.

"Ya ce ƙoda ce."

"Ta warkewa?"

Na tsaya ina kallon fankar sama. Ya ce, "Rabi, da Hausa na tambaye ki."

Na ce, "Ba ta warkewa ba ce. Ta lallaɓawa ce."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa kaffara ce, ya nemi takalminsa.

Kafin mako ya zagayo ɗakinmu ya cika da masu shawara. Yayansa Garba, wanda ke sayar da albasa a Ketu, ya zo ya zauna a bakin katifa ya ce shi bai yarda da zancen inji ba. Ya ce sammu ne, makaɗa ba sa ƙaunar juna, a kai shi gida a karya. Ƙanena kuma ya ja ni gefe ya ce wannan jan kunne ne daga Allah, ya bar kiɗa ya tuba. Wata maƙwabciya ta ce duk wanda aka ɗora a injin nan ba ya sauka. Kowa don ƙauna ya faɗa, na sani, amma ba wanda ya tambayi mai ciwon abin da yake so.

Yaya Garba ya aiko da jarkar jiƙo daga wani mai magani. Na ce likita ya hana. Ya ce, "Ke matarsa ce, ni ciki ɗaya muka fito." Baban Safiya bai iya yi wa yayansa musu ba, ya sha. Bai cika mako yana sha ba numfashinsa ya fara sarƙewa, ba ya iya kwanciya sai a zaune, ƙafafun sun zama kamar turmi. A keke muka kai shi, ina riƙe da kansa. Ranar aka huda masa cinya aka sa roba, aka yi masa wankin farko. Da ya fito ya yi numfashi mai tsawo, ya ce yana jin yunwa. Yaya Garba da kansa ya je ya sayo masa shayi da burodi, bai ƙara zancen jarka ba, ko da yake zancen gida har yau bai bari ba.

Daga nan rayuwarmu ta koma Litinin da Alhamis. Likita sau uku ya ce a mako, ƙarfinmu bai kai ba. Ko biyun ma da taimakon mahauta ne. Alhaji Mamman, babbansu, wanda Baban Safiya ya fi shekara ashirin yana kaɗa wa take, shi ya tsaya ana haɗa abin da ya samu duk Juma'a. Na sayar da abin da zan iya sayarwa, na koma kan waina a ranakun da ba asibiti. Akwai makon da ba ya haɗuwa, sai a yi sau ɗaya, ni kuma in zauna ina kallon fuskarsa tana cika.

Abinci ya zama abin faɗa. Ba gishiri, ba kanwa, ba ayaba, ba lemo, tumatir sai kaɗan. Mahauta su aiko da nama mai kyau, in yanka masa ɗan mitsitsi, sauran yara su ci yana kallo. Amma duk wannan bai kai ruwa ba. Mutumin da ke shanye leda uku ta fiya wata a tsaye, aka ce kofi kaza ne rabonsa a wuni, a zafin Legas. Wata rana na leƙa bayan ɗaki na same shi yana alwala, ya kai ruwa baki don kurkurewa, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Muka haɗa ido. Na juya na koma ɗaki.

A ɗakin wankin ya yi aboki, wani dattijo Bayarabe, Baba Lamidi, tsohon direban tirela a Ijora. Gadonsu kusa da juna. Injin yana da wani sauti da yake maimaitawa, Baban Safiya ya fara binsa da yatsa a ƙarfen gado. Ashe Baba Lamidi gidan makaɗa ya fito, ya amsa masa daga nasa gadon. Hausar Baba kaɗan ce, Yarbancin Baban Safiya ma haka, amma sai su shafe zaman nan suna ba juna amsa da farce, wani lokaci su fashe da dariya, mu da ke kallo ba mu san me aka ce ba. Sista Bola, nas ɗin da ta fi kula da mu, takan ce su bari su gama tukuna a kai su gidan biki. Matar nan ta yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba. Akwai kuma wadda in ka gaishe ta sai ka yi da-na-sani, amma ba zan ɓata bakina a kanta ba.

Robar cinya ba ta zama, kullum sai sabon huji. Aka ce a yi masa abin da suke kira fistula. Wannan kalma ta zauna min a kai. Aiki ne ƙarami, a haɗa jijiyoyi biyu a hannu, jijiyar ta yi kauri, a riƙa sa allurar wanki a nan. Likitan aikin ya tambaye shi da wane hannu yake cin abinci. Ya ce dama. Likita ya ce to hagu za a yi. Tambayar ke nan, ba a ƙara wata ba. Jijiyar wuyan hannunsa ta yi siriri, don haka a gwiwar hannu aka yi, ta bi ta damtse.

Sai bayan aiki Sista Bola ta zaunar da mu ta lissafa dokoki. Kar a auna jini a hannun, kar a ɗebi jini, kar ya kwanta a kai, kar ya ɗauki kaya, kar wani abu ya matse shi. Ina fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo ta ƙarshe ya ɗago.

"Tambaye ta kalangu fa."

Na yi mata bayani, na nuna mata yadda ake sa shi a hammata a matse da damtse don sauti ya hau ya sauka. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ah, Baba, pele, sannu. Wannan kam a'a."

"Har yaushe?"

Ta ce muddin hannun yana aiki.

Muka kama danfo muka koma Agege. Da muka shiga ɗaki ya sauke kalangun daga ƙusa, ya sa shi a buhu, ya tura ƙarƙashin gado.

Hannun ya yi kyau. In ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana zuu kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. An ce in riƙa dubawa kowace safiya, in ya yi shiru mu taho da gudu. Wankin ya yi sauƙi, jikinsa ya ɗan dawo. Amma mutumin ba ya nan. Ya daina zuwa abbatuwa ko gaisuwa. Wayarsa cike take da kiɗa, na wasu yake saurare, in ya zo kan nasa da aka ɗauka a bukukuwa sai ya tsallake. In masu biki suka wuce ta layi ya tashi ya rufe taga. Ƙanena ya ce alhamdulillahi ya shiryu. Na ce masa ya zo ya zauna da shi wuni ɗaya ya gani.

Wata Alhamis muka je muka tarar da wata mata a gadon Baba Lamidi. Sista Bola ta ce ya rasu ranar Talata a gida. Baban Safiya ya kwanta aka sa masa allura, bai taɓa ƙarfen gado ba ranar. A hanya ya ce, "Mutumin nan ko ruwan alwala ba ya haɗiyewa. Duk abin da suka ce ya bi." Na ce kwana ne ya ƙare. Ya ce, "Na sani."

Ba a daɗe ba Alhaji Mamman ya tashi aurar da ɗansa. Don tausayi bai ko yi masa zancen kiɗa ba, ya ɗauko wani makaɗi daga Sabo. Ranar Juma'a ce, washegarin wanki, ranar da ya fi jin ƙarfi. Ya sa babbar riga ya ce zai je ya yi Allah-sanya-alheri ya dawo. Na duba ƙarƙashin gado, buhu yana nan, na bar shi ya tafi.

Bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke shinkafar waina, kiɗan bikin yana zuwa daga nesa. Sai ya tsaya. Da ya sake tashi, hannuna ya tsaya a cikin ruwa. Ko cikin makaɗa ɗari na san hannunsa. Na jawo mayafi na fita, ko takalmi ban sa daidai ba.

Na same shi a tsakiyar fili, ya tuɓe babbar rigar, kalangun baƙon makaɗin a hammatarsa, yana kaɗa taken Alhaji Mamman. Daga baya na ji cewa baƙon ne ya yi ta lalube bai samo taken ba, shi kuma ya kasa zama. Mahauta sun kewaye shi, tsofaffi suna ɗaga hannu, Alhaji yana share ido da hula. Na kutsa da niyyar in ƙwace. Da na zo gaba na ga fuskarsa, irin wadda rabona da ita tun kafin asibiti. Na tsaya. Raina a ɓace, amma ban iya ɗaga ƙafa ba. Shi ma ya gan ni, bai daina ba. Ya bi taken mahautan nan ɗaya bayan ɗaya, gumi yana zuba, har aka kira magariba.

A gida na ce, "Baban Safiya, ka kyauta ke nan?"

Ya ce, "Ban kyauta ba."

Da safe na ɗora yatsa a hannun. Shiru. Na matsa sama, na matsa ƙasa, na kara kunnena. Wurin ya yi tauri kamar igiya. Shi ma ya taɓa, ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Asabar ce, likitan aikin ba ya nan. Kafin a same shi jinin ya daskare, an ce hannun ya tafi. Aka sa masa roba a wuya. Mako biyu bayan haka zazzaɓi ya kama shi yana kan inji, yana rawar ɗari har gadon yana motsi. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta robar. Aka kwantar da shi, aka yi ƙarin jini, aka yi ta allurai. Akwai ranar da bai gane ni ba, yana kirana da sunan mahaifiyarsa. Ina kwana a kan kwali a baranda tare da sauran masu jinya, sauro yana cinmu. Yaya Garba ya rufe rumfarsa ya zo ya ba da jininsa, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ni, "Kina wurin, kika bar shi." Alhaji Mamman kuma ya zo yana cewa laifinsa ne. Kowa yana neman inda zai ajiye laifin, mai ciwon yana kwance bai san ana yi ba.

Allah ya tashe shi. Da ya ɗan murmure aka sake tura mu wurin masu aikin jijiya, wannan karon wata likita ce matashiya. Ta karanta fayil, ta dube shi, ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Tun da muka fara zirga-zirgar nan ba wanda ya taɓa tambaya. Na gaya mata komai, har bikin. Ta ce ya nuna mata yadda yake riƙewa. Ya naɗe filo ya sa a hammata, ya ɗauki birona ya kaɗa. Ta ce ba za ta rantse kiɗan ne kaɗai ya kashe hannun ba, tsayuwa a rana da gumi ma suna iya yi, amma matsewar ba ta taimaka ba. Ta duba jijiyoyin dama da na'ura, ta ce za su yi. Ta ce hannun da ke riƙe makaɗi motsi yake yi, ba matsa ba, in ya warke zai iya taɓawa kaɗan, a zaune, a inuwa.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai karantawa ya riƙe. In ƙafa ta kumbura ko fuska, a je a auna jini da fitsari, kar a ce ƙiba ce. A bar ƙwayoyin leda. In kuma an zo yin aiki a jikin mutum, ku faɗa wa likita abin da yake yi da wannan gaɓar ko bai tambaya ba. Ina godiya ga mahautan abbatuwa, da Sista Bola, da likitar nan, da Yaya Garba duk da abin da ke tsakaninmu. Allah ya biya su, ya jiƙan Baba Lamidi.

Yanzu a dama ake wankin. Ni nake ba shi abinci a baki ranakun asibiti, don hannun yakan yi sanyi ya mutu. Ya rame, numfashinsa gajere ne. Taimakon Juma'a ya ragu, ban kuma ga laifin kowa ba, kowa da nasa nauyin. Zancen dashe ko a mafarki ba ma yi. Yaya Garba yana nan kan a koma gida, ni kuma na tambaye shi ina injin yake a ƙauyensu.

Talatar da ta wuce ya ce in raka shi abbatuwa. Na ɗauki kalangun, ya ɗauki makaɗi. Aka ba shi benci a ƙarƙashin rumfa. Ya kaɗa take ɗaya, ya fara na biyu, hannun ya ƙi, ya ajiye. Mahauta suka yi ta sa albarka, amma na ga ransa bai yi daɗi ba. A keke ya ce, "Ba haka yake fita ba. Su ba su ji ba, ni na ji."

Da muka iso ya kwanta, bai farka ba sai la'asar, abincin ma ya kasa ci. Na zauna kusa da shi ina yi masa fifita. Na ce ko dai a haƙura haka nan, tun da wahalar ta fi daɗin yawa.

Ya buɗe ido ya dube ni. Sannan ya ce, "Gobe ba zan iya ba, kumburi zai dawo. Jibi wanki. Amma ranar Juma'a ki tashe ni da wuri."